Borin Jini Ya Raba Ni da Wankan Jarirai

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, wadda kuke kira Inna, daga ƙauyenmu na gefen Rogo. Ban yi boko ba. Matar fasto ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Kun san aikina. Yawancin samari da 'yan matan ikilisiyar nan, ni na yi musu wankan farko. Kun kuma san halina, ba na ganin kuskure in yi shiru.

Sai borin jini ya kama ni. Jiki ya tashi ruɗu-ruɗu kamar na kwana a masussukar gero, ya lafa da hantsi, ya ɓullo wani wurin da la'asar. Damina biyu ina haka. Aka ce kifi ne, na bari. Aka ce ƙwai, aka ce nono, duk na bari. Wata ta ce rana ke tayar da shi, na daina zuwa gona, na lulluɓe a ɗaki. Asibiti kuwa na ƙi. Ni da nake dafa wa mutane saiwa, in je yarinya ta duba ni?

Mata suka daina aiko mini. A majami'a na miƙa hannu zan karɓi jaririn wata, ta gyara goyo ta ce, "Barci yake, Inna." Idonsa biyu. Na gani.

Ga Rifkatu, matar ɗana, ciki ya tsufa. Ina tankaɗe na ji tana ce wa mijinta a hankali, "Ko a nemo wata ta yi wankan? Kada yaron ya ɗauka." Jikana ke nan za a hana ni.

Na ajiye rariya, na shiga ɗaki na durƙusa. Warkarwa na roƙa, amma girman kaina Ubangiji ya nuna mini. Na ce, "Na ji. Ka gafarta mini."

Na fito na ce wa Rifkatu, "Ranar awonki tare za mu Karaye."

"Asibiti, Inna?"

"Kunnenki lafiya."

Likitar ko autata ta girme ta. Ta duba ni ta ce, "Mama, wannan ba a ɗauka." Na ce, "Sake faɗa, ga mai ji nan." Rifkatu ta sunkuyar da kai.

Aka tura mu Kano gwajin jini. Da sakamako ya zo, likitar ta ce bitamin D ya yi mini ƙaranci, wai jiki na samunsa daga rana da kifi da ƙwai. Duk abin da na guda! Ta ba ni ƙwayar ƙaiƙayi, ta haɗa da ta bitamin ɗin. Ta ce, "Wasu yana taimaka musu, wasu a'a. Mu gwada. Kada ki ƙara a kan yadda na ce."

Na bi, ina sha ina addu'a, na koma gona. Ba dare ɗaya ba, sai da aka yi makonni kafin borin ya lafa. Har yau yakan leƙo jifa-jifa, ba zan yi ƙarya a gaban Allah ba, amma ya sake ni.

Da Rifkatu ta sauka, ban nema ba. Da hannunta ta miƙo mini yaron ta ce, "Inna, ga mijinki, ruwa na hucewa."

Godiya ta tabbata ga Yesu. Ku dogara gare shi, ku kuma bi ta ƙofar da ya buɗe, ko ƙarama ce. Kada in ji wata ta je kemis ta ce a ba ta irin na Inna. Ki je a duba ki. Amin.