Ba Sakacin Baba Sannu-Sannu Ne Ya Tsinke Igiyar Ba

Ranka ya daɗe shugaban asibiti, manajan ayyuka, likitoci da ma'aikatan jinya, Mama matar marigayi da 'ya'yansa, 'yan uwana na sashen gyara, ina yi muku sallama, ina kuma yi mana gaisuwar rashi.

Ni mai gyaran famfo ne, ban iya tsara zance ba. Abokan aikina sun tsayar da ni ne don na fi kowa daɗewa da Baba Sannu-Sannu, shekara goma sha tara muna tura inji ɗaya. An ce in yi yabo in sauka. Yabon zan yi, amma akwai abin da zan ɗora a kai.

Duk bututun da ya toshe a asibitin nan, daga kicin har ɗakin haihuwa, Baba ne ke buɗe shi. Injinsa ganga ce mai juya doguwar igiyar ƙarfe. A zura igiyar cikin bututu, a taka feda, ta yi ta cin datti har ruwa ya wuce. Da yawanku kun sha wuce shi kuna toshe hanci, shi kuwa yana durƙushe a bakin ramin yana gaishe ku.

Ya kasance mai kula da kayan aiki. In an gama aiki mu mun matsu mu wanke hannu mu tafi, shi sai ya zare igiyar nan kaf a bayan ɗakin wanki, ya wanke ta, ya shanya, ya shafe ta da mai, yana bin ta da yatsa yana neman inda ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa. Mukan tsokane shi mu ce ya samu jaririya yana yi mata wanka. Sai ya ce wadda ta shiga inda mu ba za mu iya shiga ba, ai ta ci a wanke ta.

Ya kasance mai ji da hannu. Daga ƙarar inji yake gane bel ya saki. Da igiya ta yi tauri a hannunsa zai ɗage ƙafa daga feda, ya sa ribas, ya ja baya kaɗan, sannan ya sake shiga. Bai taɓa yi mata dole ba. Kowa ya koya wa aiki, abin da zai yi ta nanata masa ke nan, sannu-sannu, har sunan ya bi shi.

Ya kasance ba ya ɓoye matsala. Bara ya gano igiyar ta raunana a wani wuri. Ya shafa jan fenti a gurin, ya gargaɗe mu kada wanda ya zura ta ya wuce nan. Sau uku yana rubuta wa ofis a sayo sabuwa, ba a ko amsa masa ba.

To, yanzu na zo inda aka so in tsallake.

Ranar da bututun ɗakin yara ya toshe, Baba na kwance a ɗakin maza ana ƙara masa ruwa. Baƙi masu duba asibiti na tafe, aka ce lallai a buɗe kafin su iso. Ni na ja injin. Na zura igiya har jan fentin ya zo hannuna, ta yi tauri, na ɗage ƙafa. Na gaya wa wanda ke tsaye a kaina abin da Baba ya ce. Ya ce ba shi da lokacin tatsuniyar tsoho, in taka. Yana cikin ɗakin nan, ya san kansa. Na taka. Igiyar ta murɗe ta tsinke a can ciki. Sai da aka fasa daɓen ɗakin, yara marasa lafiya suka yi kwana tara a baranda.

Da rahoto ya fito, aka rubuta wai sakacin mai kula da inji ne ya jawo. Babbar 'yarsa ce ta karanta masa a gadon jinya, ina zaune. Da ta gama sai ya ce, "Su ce na tsufa, na yarda. Amma sakaci?" Da ya ga zan buɗe baki sai ya riƙe min hannu, ya ce in yi shiru, ina da iyali, kada a kore ni. Na yi shiru, kuma wallahi tun ranar kunyar kaina nake ji.

Mama, ki dube ni. Ƙafata ce ta taka fedar nan, ba ta mijinki ba. Ki yafe min. Ku kuma 'ya'yansa, duk wanda ya ce muku mahaifinku ya yi sakaci, ku turo min shi.

Ranka ya daɗe, rahoton nan na cikin fayil ɗinsa har yau, kuma ba mu yarda ba. Ba ma son a rataye hotonsa a bango alhali kalmar nan na kwance a ofis. Mu goma sha ɗaya na sashen gyara mun rubuta abin da ya faru, kowa ya sa hannu, mun haɗa da kwafin takardunsa uku. A cire kalmar, a rubuta gaskiya. In kuma sai an kori wani, ni ne na taka, a fara da ni.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah Ya jiƙan Baba, Ya wanke shi daga kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Mama da yara haƙuri, Ya raba mu da tsoron faɗin gaskiya. Amin.

Ga takardar a hannuna, ranka ya daɗe. Ba zan zauna ba sai ka karɓa a gaban Mama.