Hannun da Malam Abdulmumini Bai Ɗaga Ba

Assalamu alaikum. An ce in fara gaishe da Kwamanda Ɗan Iya, shugaban 'yan sa-kai, kafin kowa. To Kwamanda, sannu da zuwa. Ranka ya daɗe Dagaci, da can da kai ake farawa. Malam Liman, Allah ya gafarta. Hajiya Aina'u, mai ɗakin marigayi, da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba mu haƙuri.

Malam Abdulmumini ya kasance malamin rabin mutanen da ke zaune a filin firamaren nan. Ya kasance mai raha. Ya kasance ya san halinmu fiye da yadda muke so.

Kun tuna shekarar da aka dame mu da satar shanun huɗa. Muka taru a ƙofar Dagaci a tsorace. Ɗan Iya ya ce a ba shi samari da gora, a kuma kori Tahir, baƙon da ya zo noma daga wajen Kunci. Ba wanda ya taɓa ganin Tahir da ko igiya. Aka ce mai yarda ya ɗaga hannu. Hannuwa suka miƙe kamar dawa a gona. Malam ya bar nasa bisa gwiwa.

Ɗan Iya ya ce, "Malam, ko hannun ciwo yake?"

Ya ce, "Ƙalau yake, da shi na koya maka rubutu. In baƙi sun ƙare, wa za ka kora?"

Muka yi dariya, aka kori Tahir. Da damina Malam ya kira gayya, Hajiya ta dama fura, furar ta yi tsami a gindin tsamiya ba wanda ya je. Ba a hana mu ba. Kowa dai ya dubi maƙwabcinsa ya zauna.

A kwalejin horon malamai ni da Malam mun karanta tare yadda Turawa suka tafa wa masu mulkin kama-karya, muna mamaki. Daga baya ya ce da ni, "Azzalumi ba ya faɗowa daga sama. Matsorata ke rainonsa."

Satar ba ta tsaya ba. Baƙi sun ƙare. Yau 'ya'yanmu ake ɗaurewa a jikin kuka.

Munir, ɗan Malam, ga ka can bayan Kwamanda da gora a hannu. Uwarka ta roƙe ni in ce ka ajiye ta. Na faɗa. Na kuma ga inda ka fara kallo kafin ka dube ta.

Na gode da saurarona. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Malam Liman, bismilla. Mu kuwa mu ɗaga hannu, wannan kam mun iya.