Sunan Baba a Jerin Dillalan Ƙwaya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Tabotaki.

Na ji kuna zancen a liƙa sunayen dillalan ƙwaya da anka yanke ma hukunci, kowa ya gani. Ƙanena ya saida taramol a kasuwa, jandarmomi sunka kama shi, ya yi kaso. Ba kare shi nake ba, ƙwayarsa ce ta haukata ɗan maƙwabciyata.

Amma a takardunmu sunan ɗa tare yake da na uba. Babanmu shi ke wankan gawa kyauta a garin nan, kuma baƙin cikin yaron ne ya kashe shi.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ƙanena ya yi laifinsa. Baba mi ya yi da za a liƙa shi a bango?