Tayoyin da Baba Ya Sassaƙa

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyar direbobi, ina gaisuwa. Sakatare, masu faci abokan sana'ar Baba, maƙwabta, sannunku da zuwa. Kaka, Kawu, Inna, Yaya, sannunmu da haƙuri.

Ni ce autar marigayi. Kawu ne ya zaɓe ni in yi magana, ya ce ba ni da surutu, ba zan ɓata wa mutane lokaci ba. Ku yi mini uzuri in muryata ta yi rawa.

Baba ya kasance mai facin taya a bakin tasha tun kafin a haife mu. Ya kasance mai barin abinci a kwano ya bi direban da taya ta sace masa a hanya. Ya kasance kuma mai sassaƙa. Duk mun san wannan, ko da yake ba a faɗa a taro. In taya ta suɗe ta koma kamar tafin hannu, sai ya gasa ƙarfe ya yanka mata sabon zane, ya shafe ta da baƙin mai, ta fito tana ƙyalli. Kuna ce masa Likita, yana dariya.

Mu a gida mun sha jin bayani a bakinsa. Ya ce a busasshiyar kwalta kowace taya tana kama ƙasa, har suɗaɗɗiya. In sanyi ya shigo sai roba ta sandare, iska ta ragu, inda ya yanka ya fara tsagewa. Ruwa ne ba ya ɗaga ƙafa. Zanen nasa ba shi da zurfin da zai kore ruwan, sai mota ta hau kansa ta tafi inda ta ga dama, birki ya zama ado. Wata rana na tambaye shi, to masu shiga motar fa? Ya dube ni ya ce, "Ke kika haife su?" Sannan ya aike ni in ƙaro garwashi.

Ba zan ce bai so mu ba. In za mu shiga mota sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. In ya ga aikin hannunsa, ya ce mu jira ta gaba. Sauran fasinjoji suna shiga, yana ɗaga musu hannu.

Ranar da ya rasu motar Kawu ya shiga, don gari ya waye tas, tafiyar kuma ba nisa. Baba ne ya sassaƙa tayoyinta duka. Ruwa ya tarar da su a gangaren gada. Direban ya karye a ƙafa. Wata mata da goyonta suka mutu tare da Baba. Ba mu san sunanta ba, ba a kuma gayyaci danginta nan ba.

An gyara motar. An buge ƙofa, an sa gilashi, an yi fenti. Tayoyin suna nan, Kawu ya ce ba abin da ya same su. Gobe zai miƙa wa Yaya makulli ya riƙa tuƙa ta, wai taimakon marayu, ga damina ta kankama. Inna ta durƙusa ta roƙe shi ya canja su. Ya ce, "In ba kwa so, akwai masu so. Ɗan mai sassaƙa ne zai yi mini tsirfa?" Yaya ya yarda, don ba shi da wani aikin.

Inna, ki share hawayenki, ba inda zai je gobe. Yaya, ka yi fushi da ni iya son ranka, ai mai rai ne ke fushi.

Kawu, da safen nan ana jera kujeru na ɗauki wuƙar yankan naman Inna na shiga garejinka. Na farke tayoyin motar duka, har safaya, sai da hannuna ya yi bororo. A gefe na yanka, inda ba a faci. Ga masu faci nan zaune, ka tambaye su. Kada a taɓa maigadi, ni kaɗai ce.

Mun gode da zuwanku, mun gode wa wanda ya ba da aron rumfa. Duk wanda ya san Baba ya taɓa masa taya, ya tuƙa a hankali, na ga hadari ya haɗo.

Allah ya jiƙan matar nan da ɗanta, ya fara da su. Sannan Baba, in sun yafe masa. Amin.