Hatsin Bayan Gidanmu

Salamar Yesu Almasihu ta tabbata gare ku, ƴan'uwa. Sunana Ladi, daga wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa. Lakol aji biyu na yi, ku yi haƙuri da rubutuna.

Yunwa ce ta kai maigidana soja. Ya ce tun yana yaro, rumbunsu bai taɓa kai su damina ba. Shekara shida ya yi can gabas, wajen tafki. Ya dawo yana ɗingishi, maganarsa ta ragu, kullum fuskarsa na ƙofa.

Da damina muka shuka gonar bayan gida, ita kaɗai gare mu. Hatsi ya tashi, ya fi mutum tsawo, ya fara ciki. Sai na lura maigidana ya daina zagayawa baya. In iska ta kaɗa kara, sai ya ajiye kwano ya kasa kunne.

Wata safiya na ji sara. Na fito da Rifkatu goye, na tarar da shi da adda, yana kwantar da ɗanyen hatsi layi layi. Abincinmu na shekara! Na ce, "Baban Rifkatu, me za mu ci?" Ya ce, "Ba na ganin abin da ke ciki." Ranar ya faɗa mini cewa daga cikin gona irin wannan aka harbe abokinsa, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Na durƙusa kan karan da ya sare. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce Yesu, ga yunwa ga tsoro, ban san wanda zai fara cinye mu ba. Da na tashi sai ƙafata ta ɗauke ni cikin hatsin. Ina tafe ina waƙar majami'a don ya san inda nake. Na ratsa har ƙarshe, na dawo na ce masa babu kowa, sai tsuntsaye. Ya ajiye addar.

Haka na yi ta yi kowace safiya har kaka. Rannan ina tsakiya na ji taku bayana, mai ɗingishi. Ban waiwaya ba, don kar ya ji kunya.

Rabin gonar ya tafi. Abin da muka girbe ba zai kai mu damina ba, kuma har yau yakan firgita. Amma na gode wa Ubangiji da rabin da ya tsaya. Wadda take da irin mijina a gida, kar ta saki Yesu. Ku sa mu a addu'a, bana ma za mu shuka bayan gida.