Direban Jirgin Safe

A ɗakin jira na filin jirgin Douala, an sake ɗaga tashin jirgin Garoua. Essomba ya cire igiyoyin muƙami daga kafaɗar rigarsa ya cusa a aljihu, ya zauna kusa da wata dattijuwa.

"Yaro, kai direban jirgi ne."

"Ni? Fasinja ne kamarki, Mama."

"Rufe mini baki! Ɗana Ndoumbe ma haka yake ɓoye nasa, kada fasinjoji su cinye shi da masifa. Shekara nawa na yi ina goge irin wannan farar rigar? Me ya hana mu tashi?"

Essomba ya yi dariya a gajiye. "Awoyin aikina na yau sun cika, doka ta ce in huta. Mai canjina kuma babu. Direbobin duk sun gudu ƙasashen Larabawa."

"Can Ndoumbe yake. A da, in jirgin safe ya bi ta saman gidanmu, sai in fito tsakar gida in ɗaga masa hannu. Har yau ina fitowa, alhali na san ba shi ba ne."

"Ni ne, Mama. Yawanci ni ke tuƙa na safen."

"To ka gani! Kai dai kada ka tafi."

Ya kau da kai, yana murza igiyoyin a aljihu.

"Yaushe za ka tafi?" in ji ta.

"Ƙarshen wata."

Ta daɗe tana kallon jirgin da ke tsaye a rana.

"To, kafin nan ka riƙa leƙowa in ka zo wucewa ta sama. Gidan mai mangwaro ne, bayan coci."