Tarin Malam da Girman Alhaji

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi saka da alheri. Ni ce Asma'u daga Gidan Dahala, Sakkwato.

Maigidana, Malam, ya daɗe yana tari har ya rame. Na ce mu tafi asibitin gwamnati, sai wansa Alhaji ya ce, "Haba! Mutumin da ke jan salla, a gan shi bisa benci yana bin layi?" Sai anka kai shi asibitin kuɗi.

Wuri tas, ga sanyi, ga talabijin. Likitan kuwa, Allah shi yafe mini, ban ga abin da ya duba ba sai babbar rigar Alhaji. Kowane zuwa taifot ce, a rataya ruwa. Alhaji na ta yabo, don ana ce masa ranka ya daɗe.

Ran da na ga jini a hankicin Malam, na tsaida keke munka tafi na gwamnati. Mun sha layi, nas ta daka mini tsawa. Amma sun gwada kakinsa, sun ɗauki hoton ƙirji, sunka ce tarin fuka ne, a kawo mutanen gida a duba su.

Alhaji ya hana, wai unguwa za ta ji, Malam kuma ba ya ƙetare maganar wansa. Ga jikata Nana ta fara tari.

Malamai masu saurare, in na kai ta asibiti ba da izini ba, na yi laifi? Ku amsa mini yau, don gobe in sha Allahu muna kan bencin nan.